Wutar Da Muke Biya Muna Barci: Lissafi Ga Duk Mai Mita A Kudu

Tun ranar 3 ga Afrilu, 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, hira ta sauya a majalisun mutanenmu na Kudu. Ka zauna a Agege ko Idi-Araba, ka leƙa Sabo ta Ibadan ko ta Shagamu, ka gangara Anaca da Fatakwal, kuka ɗaya za ka ji: kati ba ya daɗewa, mita gudu take yi. An ɗan sassauta zuwa naira 206.80 a watan Mayu, aka sake ɗagawa zuwa 209.50 a watan Yuli na wannan shekarar, amma duk mai sayen kati ya san ba wani sauƙi aka samu ba. Wutar da kake saya dubu biyar a da, yanzu sai ka ajiye dubu goma sha biyar.

A cikin makon da aka yi ƙarin ne ministan lantarki, Adebayo Adelabu, ya yi maganar da ta ɓata wa mutane rai, inda ya nuna cewa arhar wuta ce ta sa 'yan Nijeriya ke barin firiza a kunne kwana da kwanaki. Daga baya ya nemi afuwa, kuma ya kyauta da ya nema. Duk wanda ya san mahautan Oko-Oba, ko matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da fura a cikin unguwa, ya san firiza ba abin ado ba ce, jari ce. Ka kashe ta ka yi asarar nama. Misalin minista bai yi ba ko kaɗan. Sai dai akwai wata ɓarnar wuta ta gaske a gidajenmu wadda bai ambata ba, kuma ita ba ta sanyaya wa kowa ruwa, ba ta haska wa kowa ɗaki. Ita nake so mu yi wa lissafi yau.

Ina nufin wutar da kayan lantarki ke sha bayan an "kashe" su. Ka danna rimot, hoto ya ɗauke, ɗan jan ƙwai ya kama a ƙasan talabijin, kai a ganinka ta mutu. Ba ta mutu ba, barcin zomo take yi, ido a buɗe. Dole wani sashe a cikinta ya zauna a farke yana jiran saƙon rimot, kuma dole ɓangaren da ke sauya wutar soket zuwa ƙaramar wutar da na'ura ke ci ya ci gaba da aiki. Haka dikoda take, haka rediyo mai manyan sifiku, haka injin ɗumama abinci mai nuna agogo, haka sitabilaiza. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta daɗe tana ƙiyasta cewa irin wannan wuta na cin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da gidaje ke sha a ƙasashen da suka ci gaba. Tun 1999 ta fito da shirin neman a rage abin da kowace na'ura ke sha a wannan yanayi zuwa wat ɗaya.

To, wat ɗaya nawa ne a aljihu? Lissafin ba ya buƙatar digiri. Yunit ɗaya da kake gani a mita shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya. Alƙawarin da aka yi wa Band A shi ne wutar awa 20 a rana. Na'urar da ke shan wat ɗaya na awa 20 a kwana 30 ta sha 0.6 na yunit. A farashin 209.50 ya kama kimanin naira 126, in ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 ya tashi wajen naira 135 a wata. Kuɗin ruwan leda ne, na sani. Amma babu gidan da ke da wat ɗaya tak. Mu ɗauki misali, gidan da in aka haɗa tsohuwar talabijin, dikoda, rediyo, sitabilaiza biyu da na'urar intanet suna jan wat 30 ba dare ba rana. Yunit 18 ke nan a wata, wajen naira dubu huɗu. A shekara kusan dubu arba'in da takwas, wato fiye da kashi biyu bisa uku na mafi ƙarancin albashin wata, naira dubu saba'in, da aka sanya wa hannu a 2024.

Mu 'ya'yan masu fataucin shanu mun san irin wannan kuɗi. Mahaifina yana da wani littafi da yake rubuta abin da aka kashe a kan kowace tirela daga Potiskum har ta sauka a Kara. Kuɗin mota da la'adar dillali kowa ya san su, da su ake fara lissafi. Abin da ke cinye riba shi ne ɗari biyar a wannan shinge, dubu ɗaya a wancan, kuɗin ruwa, kuɗin igiya, kuɗin yaran da suka tayar da saniyar da ta kwanta a mota. Ko ɗaya a ciki bai isa a yi faɗa a kansa ba. Sai an sauke kaya an tara, ka ga kuɗin ɗan maraƙi ya tafi.

Yanzu su wa suka fi sha? A nan ne mutane da yawa ke ɗora laifi inda ba ya nan. Cajar waya ce kowa ke zargi, har za ka ji maigida na yi wa yara faɗa don sun bar ta a soket. Caja mai kyau ta zamani, in babu waya a jikinta, abin da take sha bai kai rabin wat ba. Ko ka bar ta wata guda cur da wuya ta ci maka naira hamsin. Cire ta yana da kyau saboda gudun gobara, musamman irin jabun nan marasa nauyi da ake sayarwa a bakin titi, amma ba ita ke cinye maka kati ba. Haka sabuwar talabijin mai falle ta kamfanin kirki, barcinta ba ya wuce wat ɗaya, sai in an kunna mata tsarin nan na saurin tashi ko na zama a kan intanet.

Babbar mai laifi a falo ita ce dikoda. Da yawansu in ka danna rimot ka kashe, hoton kawai suke ɗaukewa. Ciki yana nan yana aiki, yana ciyar da ɗan kan nan da ke bakin faranti a saman rufi, yana karɓar saƙon tashoshi. Shi ya sa za ka taɓa ta da asuba ka ji ta da ɗumi alhali tun ƙarfe goma aka daina kallo. Ko a Amurka an yi wannan rigimar. A 2011 ƙungiyar NRDC ta fitar da bincike cewa akwatunan tashoshi na ƙasar na cin wutar kusan dala biliyan uku a shekara, kuma kashi biyu bisa uku na wannan kuɗi yana tafiya ne a lokacin da babu mai kallo.

Sai kuma wanda Turawa ba su cika lissafawa ba saboda ba su da matsalarmu, wato sitabilaiza. Mu rashin daidaiton wuta ya tilasta mana ita. Firiji da tata, talabijin da tata, na'urar sanyaya ɗaki da tata. A cikinta akwai taransifoma, dunƙulen ƙarfe da waya naɗe, wanda muddin yana jone da wuta yana sha ko da babu abin da yake ciyarwa. Wannan ɗan gurnanin da kake ji da dare in gari ya yi shiru, shi ne. Gwargwadon girmanta gwargwadon shanta, kuma babba guda ɗaya na iya cin abin da cajojin gidan gaba ɗaya ba su ci ba. Wadda ke jikin firiji dai dole ce. Amma wadda ke jikin na'urar sanyaya ɗaki da ba a kunnawa sai ƙarfe tara na dare, me take yi a kunne tun safe?

Akwai kuma na'urar ruwan sha mai famfo biyu, ja da shuɗi, da ta yi yawa a shagunan canji da ofisoshin 'yan kasuwa. Ɓangaren ruwan zafi yana da ƙaramin tanki da hita. Ruwa ya huce ta sake dafawa, ya huce ta sake, har gari ya waye, shago a kulle. A bayanta akwai makunni na musamman na ruwan zafin, yawanci ja ne. Mutane da yawa ba su taɓa leƙa bayan ba.

Ba sai ka yarda da ni ba, mitarka za ta faɗa maka. Duba fuskarta, akwai ɗan ƙwai da ke ƙiftawa, kuma kusa da shi an rubuta lamba, sau da yawa 1000, wani lokaci 1600 ko 3200. Ma'anarta yawan ƙiftawar da ke cika yunit ɗaya. Kashe fitilu da fankoki, cire firiji na ɗan lokaci, sauran kaya kuma ka kashe su yadda ka saba, da rimot. Sannan ka tsaya da agogon waya ka ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin ƙiftawa biyu. In mitarka mai 1000 ce, raba 3600 da adadin daƙiƙun, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidanka ke sha yana barci. In ƙwan na ƙiftawa duk minti uku, wat 20 ke nan. In duk minti ɗaya ne, wat 60. Wanda mitarsa ke saman turken lantarki, sai ɗan allon shigar da kati kawai yake da shi a ɗaki, sai ya rubuta yunit ɗin da ya rage, ya jira awa biyu, ya sake dubawa. Firiza a rufe ba abin da zai same ta a awa biyu. Daga nan ka riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya kana sake gwadawa, ɓarawon zai fito da kansa. Hanya mafi sauri ma ita ce tafin hannu. Duk abin da yake a kashe amma ka taɓa ka ji ɗumi, kuɗinka ne ke komawa zafi.

Maganin kuma yana jikin bango. Wani abin kirki da muka gada daga tsarin wayoyin Ingila shi ne soket mai baki uku da makunninsa a jiki. A ƙasashe da dama sai mutum ya zare filogi, mu dannawa kawai za mu yi. Haɗa talabijin, dikoda da rediyo a kan ekstenshan ɗaya mai kyau, in za a kwanta ko za a fita kasuwa a danna makunni ɗaya. Abin da za ka rasa shi ne minti ɗaya ko biyu da dikoda za ta yi tana tashi. Ribar ta biyu ma ta fi ta farko a wurina: kayan da aka kashe daga soket sun fi tsira in Nefa ta dawo da ƙarfi. Wanda ya taɓa kai talabijin wurin mai gyara bayan irin wannan dawowa ya san kuɗin gyara ɗaya ya fi wutar wata shida.

Amma fa kada a ɗauki abin ya wuce matsayinsa, don na ga masu sayar da kaya a intanet suna zuzuta shi kamar shi ne zai raba mutum da talauci. Wat 30 na awa 20 daidai yake da 0.6 na yunit a rana. Dutsen guga mai wat dubu zai shanye wannan a minti 36. Na'urar sanyaya ɗaki a dare ɗaya tana iya cin abin da barcin zomon gidan duka ke ci a kwana goma. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da ake bari a ƙofar gida har asuba, in ka musanya shi da na zamani mai wat 9, ka tsira da kusan rabin yunit a dare, daga ƙwai ɗaya kacal. Don haka wanda ke tafasa ruwan wanka da hita kullum amma yana bin yara da faɗa a kan caja, lissafinsa a juye yake. Falalar kashe soket ita ce ba ta rage maka jin daɗin komai, kuma ba ka sayen komai. Sauran hanyoyin sai ka haƙura da wani abu ko ka fitar da kuɗi.

Sannan ba kowa ne zai ga riba ɗaya ba. NERC da kanta ta ce ƙarin na 2024 ya shafi kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu amfani da wuta ne. Wanda ke Band C, mai alƙawarin awa 12 da farashin da bai kai kashi ɗaya bisa uku na Band A ba, wat 20 ba zai ci masa ɗari biyar a wata ba. Wanda ba shi da mita kwata-kwata, kuma kusan rabin masu biyan kuɗin wuta a ƙasar nan haka suke, ko ya kashe komai ya kwana a duhu takardar ƙiyasi ɗaya za a kawo masa. Ga shi nan, duk wa'azin tsimin wuta da gwamnati za ta yi ba shi da inda zai zauna sai an ba mutane mita. Mai ƙaramin janareta shi ma ba zai ga bambanci sosai ba, don injin na shan kusan mai ɗaya ko an ɗora masa wat 30 ko ba a ɗora ba.

Wanda abin ya fi shafa, ya ma fi ɗan Band A, shi ne mai sola. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutanenmu da yawa suka koma faranti da batir, masu shago da masu cajin waya da masallatai. Batir mai bolt 12 da ampiya 200 yana ɗaukar kimanin yunit 2.4, kuma irin na ruwa ko na gubar nan ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Abin amfani bai wuce 1.2 ba ke nan. Kayan da ke jan wat 30 na awa goma na dare sun sha 0.3, rubu'in abin da kake da shi. Kuma inbatar ita kanta tana da nata cin muddin tana kunne, ko babu abin da ke jone. Shi ya sa fanka ke tsayawa ƙarfe uku na dare, a ce batir jabu ne, alhali dikoda da sitabilaiza ne suka raba wutar da ita. Kullum ana zurfafa shan batir kuma, kwanansa raguwa yake, kuma kowa ya san nawa ake sayar da shi yanzu.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne gidajen haya na ɗaki-ɗaki, masu ƙofa na kallon ƙofa, inda mafi yawan matasanmu ke zaune. Mita ɗaya, ɗaki goma ko sha biyu, Bahaushe da Bayarabe da Ibo duk a layi ɗaya. Ana raba kuɗi ne ko dai daidai wa daida, ko ta ƙirga kaya: ƙwai maki kaza, fanka maki kaza, firiji maki kaza. A irin wannan tsari in ka kashe soket ɗinka, ribar ta rabu goma, kai kashi ɗaya ka samu. In maƙwabcinka ya bar nasa, asarar ma ta rabu goma. Saboda haka babu mai damuwa, sai kati ya ƙare ranar 18 ga wata a fara kallon juna. Abin takaici, ɗan'uwanmu da ke fita tun asuba zuwa Kara ko Mile 12 bai dawowa sai bayan isha, shi ne ya fi kowa biyan wutar da bai sha ba. Kuma rigimar dubu biyu a gidan haya ba ta da wuyar komawa maganar ƙabila, mun sha gani. Abin da ya fi shi ne 'yan haya su haɗa kuɗi, da yardar mai gida, a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitar ƙirge ta hannun ƙwararren mai gyaran wuta. In hakan bai samu ba, a yi gwajin ƙiftawar nan a gaban kowa da rana tsaka, a kuma sa sitabilaiza da dikoda a cikin lissafin maki, don yawanci ba a ƙirga su.

Kwamitocin masallatanmu su ma su duba. Amfilifaya da sitabilaizarta aikin da suke yi a rana bai fi na awa biyu ba in an haɗa kiran salla da sallolin biyar, amma a wurare da yawa suna kunne daga asuba zuwa asuba. Daga kuɗin da ake tarawa a akwati ake biya.

Akwai rabon gwamnati a ciki wanda ya fi na kowa. Tarayyar Turai ba ta tsaya roƙon jama'a su riƙa kashe soket ba, masu ƙera kaya ta kama. Daga 2010 ta hana sayar da yawancin kayan gida da ke shan fiye da wat ɗaya in suna jiran aiki, a 2013 ta rage zuwa rabin wat. Mutum ko ya manta bai kashe ba, asararsa kaɗan ce. Tsofaffin kayan da aka ƙera kafin wannan doka kuwa, da yawansu sun hau jirgin ruwa, su ne muke zuwa Alaba muna saya da sunan tokumbo. Maƙwabciyarmu Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun farkon 2013 saboda shan wutarsu. Ban ce a rufe kasuwar gwanjo ba, talaka da ita yake rufa wa kansa asiri, kuma kayan Turai da aka ƙera bayan 2013 sau da yawa sun fi wani sabon mara suna tsimin wuta. Amma gwamnatin da ta ninka kuɗin wuta sau uku a rana ɗaya ya kamata ta tilasta a rubuta a jikin kowace dikoda da sitabilaiza abin da take sha in ba ta aiki, yadda mai saye zai gani kafin ya biya. Mai sayen tokumbo kuma ya juya bayan kaya ya duba shekarar da aka ƙera su, tana nan a jikin takardar da aka manna.

Abu na ƙarshe, farashin da na yi lissafi da shi ba lallai ya zama naka ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, kuma Inugu, Legas, Oyo, Ogun, Edo, Imo, Ondo da Ekiti na cikin waɗanda aka miƙa wa wannan iko. Hukumar jihar Inugu har ta ba da umarnin sauke Band A zuwa naira 160 daga watan Agustan 2025, abin da ya jawo ja-in-ja mai zafi da kamfanonin wuta. Don haka ɗauki rasit ɗin katinka na ƙarshe, raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka, ka sami farashinka na gaskiya har da haraji. In ka ga ya fi abin da ake faɗa nesa ba kusa ba, tambayi kamfaninku ko ana cire maka tsohon bashi ne, don suna yin hakan a kan mitar gidan da wani ya taɓa zama ya bar bashi.